Tsohuwar Gireda Mai Shuri

Har yau, da zarar sanyin hunturu ya shigo, babban yatsana na dama sai ya tuna mini da ita. Gireda ce, motar share hanya, ƙirar kamfanin Katafila lamba 12, tsohuwar yayi, kuma a kanta na koyi aiki a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da gwamnatin Babangida ta kafa hukumar raya karkara ta DFRRI aka shiga buɗe hanyoyin burji a karkara. Ko a wancan lokacin ta tsufa. Tun 1938 kamfanin ya fara ƙera wannan samfurin, tamu kuwa fentinta ya koɗe har ya zama kalar ƙasar da take turawa.

Tayar da ita ma aiki ne. Babu zancen murɗa makulli. Akwai wani ɗan ƙaramin injin fetur a gefen babban injin, shi za ka fara tayarwa, ya yi ta tatata yana juya uwar har ta ɗumama, sannan ka sakar mata gas. Sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe, yaran ƙauye su watse da gudu, su sake dawowa. Shekara guda cur aikina ke nan: in tayar da inji, in bi kowace gaɓa da giris, in duba baƙin mai da ruwan lagireto. Kujera kuwa sai kallo.

Ranar da maigidana ya ce in hau, abin da ya fara faɗa mini shi ne, "Kai yaro, kada ka kuskura ka zagaye liba da babban yatsa." Na ce, "To, Maigida." Ban kai la'asar ba na gane dalili. Libobin wannan gireda ba mai suke turawa ba, haƙoran ƙarfe suke haɗawa kai tsaye da ƙarfin inji. Idan wuƙa, wato ƙarfen da ke kankare ƙasa, ta ci karo da dutse ko saiwar itace, ko ta kai iyakarta, liba sai ta dawo maka da shuri kamar jaki. Yatsan ya kumbura ya yi suntum, mako biyu da hagu nake riƙe kofin shayi. Maigida ko sannu bai ce ba, dariya kawai ya yi ya nuna mini nasa da ya karkace.

Amma ba shurin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Bayan wasu watanni ya bar mini wani yanki in gyara ni kaɗai. Na zage na share shi sumul, ya kwanta kamar daɓen ɗakin amarya, ina ta jin kaina. Da ya zo bai yi magana ba. Ya ɗauki butarsa ta alwala, ya taka har tsakiyar hanya ya tsiyaye ruwan. Ruwa ya tsaya cik a wurin, bai gangara ko'ina ba. Ya ce, "Tabarma ka shimfiɗa ko hanya? Ruwan farko na damina nan zai kwana, tayar akori-kura ta bi ta kai, shi ke nan rami ya samu." Hanyar burji dole ta yi doro, tsakiya ta ɗara gefe da kamar santimita 4 zuwa 5 a kowace mita, ruwa ya sauka lambatu. Na sake aikin daga farko. Na karkata wuƙa, na kwantar da tayoyin gaba don kada nauyin ƙasa ya ja kan motar gefe, na riƙa ɗebo jar ƙasa daga bakin hanya ina tarawa tsakiya, tankar ruwa da rola suna biye. Fegin safiyo yana taimakawa, amma gaskiyar magana a kujera ake jin doro. Jikinka ne zai gaya maka ka karkace kafin idonka ya gani.

Shi maigidan nawa asalinsa direban sikirefa ne, motar yankar ƙasa da kwashe ta. Ya yi aikin madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970, zamanin Audu Bako, kuma ba ya gajiya da labarin. Ni ma na ɗan taɓa sikirefa 621 na 'yan watanni a wani aikin dam. Mota ce mai ƙaton tumbi: ka sauke bakinta ya yanki ƙasa, buldoza D8 ta dafa maka ta baya tana turawa har ta cika, ka rufe ka sheƙa a guje, ka je ka baza ƙasar shimfiɗa-shimfiɗa ba tare da ka tsaya ba. Aiki ne mai sauri, amma tsallen da take yi yana cin ƙugu. Ban daɗe ba na koma giredata. Yanzu ma da wuya ka ga sikirefa a wuraren aikinmu, eskabeta da tifa sun karɓe.

Daga baya na samu gireda 140G, cikin jerin da suka fito a 1973, mai hayidurolik, mai lanƙwasa ƙugu a tsakiya. Ran farko har tsoro na ji, liba ta yi laushi kamar ba ta haɗe da komai. Ita nake hawa har yau, injin 3306 ɗinta kowane bakanike a Kano ya san cikinsa, kayan gyara kuma ba sa wuya. Sababbin da suka zo tun 2007, masu sanda biyu a maimakon sitiyari da libobi, na hau ɗaya sau ɗaya. Akwai sanyin na'ura, babu ƙura a hanci, ba zan kushe su ba. Sai dai ranar da kwamfutarta ta yi gardama, kwana huɗu muka yi zaune a gindin darbejiya muna jiran mai gyara daga birni.

Yaron da ke bina yanzu ɗan ƙanwata ne. Wata bakwai ke nan yana giris, ya fara ƙorafi. Makon jiya na bar masa mita ɗari biyu ya gyara, na tafi sallar azahar. Da na dawo na tarar ya share wuri sumul, yana tsaye yana murmushi. Da sauran ruwa a butata.