Alamar mai rabo a wasan poka na gida: inda muka kai

'Yan uwa masu koyo, mun gama da darajar karta, yanzu sai batun alamar mai rabo, wato ɗan faifan da ake ajiyewa gaban mutum ɗaya a kowane zagaye. Ana yawan tambaya ko sai da ita.

Idan fakiti ɗaya ne kuma rabon yana zagayawa, za ku iya yi ba ita, tunda kowa na ganin mai riƙe da karta. Amma da zarar an bar wa mutum ɗaya rabo saboda hannunsa ya fi faɗawa, ko an kawo fakiti biyu ana gauraya ɗaya ana wasa da ɗayan, to ta zama dole.

Dalili kuwa, a Texas Hold'em, nau'in pokar da ake buɗe karta biyar a tsakiya kowa ya haɗa da nasa, komai daga kanta ake lissafa shi. Na hagunta shi ke ƙaramin zubi, wato ƙarami cikin zubin dole biyu da ake yi kafin a raba karta, kuma shi ke karɓar kartar farko. Na gaba da shi ke babban zubi, yawanci ninkin ƙaramin. Kafin a buɗe karta ukun tsakiya, wanda ke hagun babban zubi ke fara magana, wato ya faɗi ko zai zuba ko zai janye. Bayan an buɗe su, da ta huɗu da ta biyar, mai alamar ke magana a ƙarshe, ya riga ya ga abin da kowa ya yi. Wannan ita ce kujera mafi daraja, shi ya sa alamar ke matsawa kujera ɗaya ta hagu bayan kowane zagaye. In aka manta sau ɗaya, wani ya ci gajiyarta sau biyu, wani kuma ya maimaita babban zubi. Mafi yawan gardama daga nan take tasowa.

Wuri biyu ake rikicewa. In saura mutum biyu, mai alamar ke ƙaramin zubi, ya fara magana kafin a buɗe kartar tsakiya, ya koma na ƙarshe bayan an buɗe. In kuma wanda ya yi ƙaramin zubi ya fita daga wasa, ku ajiye alamar a gurbinsa ko da babu kowa. Tsallakawa da ita kan sa wani ya kuɓuce wa babban zubi.

Ba sai kun sayo alamar ba. Mu da murafan lemo muke ƙirga maki, babu kuɗi a ciki, don haka kada alamar ta zama murfin lemo, za ta saje da na zubi a kwashe ta. Farin murfin robar man shafawa ya isa, ko ku sa a yanka muku faifan katako mai faɗin santimita 5 a kasuwar Panteka. Na fi son katakon, yana da nauyi, fanka ba ta ture shi a kan tabarma.

Wanda ya gama riƙe ta shi zai miƙa ta da hannunsa, kafin a fara gauraya karta.