Asabar, ni da Baffa da mutanen Whangara

Tun asuba ake ruwa, ko ƙofar gida ban leƙa ba. Baffa ya zo daga ƙauye ganin likitan ƙashi, kuma sai Litinin za a gan shi, don haka duk muna falo. Bayan azahar babbar 'yata ta matsa a sa fim. Na ɗauko Whale Rider, fim ɗin Niyu Zilan na 2002 da Niki Caro ta ba da umarni, wanda aka ɗauko daga littafin Witi Ihimaera na 1987. Baffa ya ce shi ba ya kallon wasan yara, ya juya kujerarsa wajen taga. Kafin a yi nisa ya juyo da ita da kansa, na koma tafinta.

A Whangara aka ɗauki fim ɗin, wani ƙauyen Maori, 'yan asalin ƙasar, a gaɓar gabas ta tsibirin arewa, kuma da yawa daga cikin masu fitowa a taro mutanen garin ne na gaske. Sun yi imani kakansu Paikea ya iso ƙasar ne a bayan ƙaton kifin teku. Da na faɗa wa Baffa haka sai ya ce, "Irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa?" Na ce kusan shi. A gidan da fim ɗin ya nuna, ɗan fari namiji ke gadon shugabanci. Aka haifi tagwaye, namijin ya rasu tare da uwar, macen ta rayu, uban ya raɗa mata sunan Paikea ya tsallake ya tafi Turai. Tsohon gidan, Koro, kakan yarinyar, ya rasa magaji.

Wurin da Baffa ya fara magana shi ne inda tsohon ke ƙoƙarin tayar da injin jirgin ruwa da igiya, yana nuna wa jikarsa yadda aka murɗe zarurruka da yawa suka zama abu guda, haka kakanninsu suke. Igiyar ta tsinke a hannunsa. Ya tafi nemo wata, yarinyar ta ƙulla ta ta tayar da injin, ya dawo ya yi mata faɗa. 'Yata ta ce wannan tsoho mugu ne. Baffa ya ce, "Amarya, ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ke ba ki san nauyin zama na ƙarshe ba."

Na yi shiru, don na san inda maganar ta dosa. Gidanmu gidan maƙera ne. Baffa ne kaɗai ya rage yana zama gaban uwar maƙera, 'ya'yansa maza ɗaya na tuƙa adaidaita a Kano, ɗaya na gyaran waya, ni kuma alli nake riƙewa. Da Koro ya tara 'ya'yan fari maza yana koya musu waƙoƙin gado da faɗa da sanda, su kuma hankalinsu na wani wuri, Baffa sai girgiza kai yake. Da ya jefa haƙorin kifin da ke wuyansa cikin teku, babu yaron da ya iya ɗauko shi, ya koma gida ya kwanta ya juya wa duniya baya, Baffa ya ce a tsayar zai yi alwala, alhali la'asar da saura.

Abin da ya sa nake son fim ɗin ke nan. Bai mai da tsohon dodo ba, bai kuma mai da yarinyar mai tawaye ba. Ita fa ba gudun al'adar take ba, shiga take nema, an rufe mata ƙofa. Ta fi kowa iya waƙoƙin, ta koyi sanda a ɓoye wajen ƙanin babanta, ita ta nitse ta ɗauko haƙorin. Ranar da ta tsaya a taron makaranta tana jawabi don girmama kakanta, kujerarsa babu kowa, tana magana hawaye na zuba, 'yata ta tashi wai za ta duba shinkafa. Keisha Castle-Hughes ce yarinyar, tana da shekara 13 aka sa ta cikin masu takarar kyautar fina-finai ta Oska a 2004, kuma ta cancanta.

Inda ban gamsu ba shi ne ƙarshe. Sai da kifaye suka kwanta a gaɓa, yarinyar ta hau bayan babbansu ta kusa rasa ranta, sannan tsohon ya sauko. A rayuwa babu kifin da zai zo ya raba gardama. Baffa bai yarda da ni ba, ya ce tsoho ba ya sauka sai ya ga aya. 'Yata ta tambaye shi ko zai koya mata ƙira. Ya ce mace ba ta zama a maƙera. Ta ce a makaranta an koya musu cewa mata ne suka fara sarautar Daura. Ya ce, "To ki je Daura." Aka yi dariya, amma na lura bai sake cewa a'a ba, sai ya kama hannunta ya duba tafin ya ce ya yi laushi da yawa.

Bayan isha'i, yara sun kwanta, na ba shi labarin Once Were Warriors na Lee Tamahori, na 1994, wanda ba zan sa a gidan nan ba saboda duka da giya da abin da ya fi su muni. Can an nuna Maorin da suka bar ƙauye suka cika unguwannin talakawa a kudancin birnin Auckland. Kafin yaƙin duniya na biyu yawancinsu a karkara suke, zuwa shekarun 1980 kusan kashi 80 cikin 100 sun koma birni, bayan an daɗe ana dukan yara a makaranta in sun yi yarensu. Maigidan fim ɗin ƙarfi gare shi, amma bai san inda zai kai shi ba sai jikin matarsa. Da 'yarsu ta mutu, uwar ta ɗauki gawar ta mai da ita wurin danginta don a yi mata makoki irin na gado. A ganina waɗannan mutanen ne Koro yake hangowa duk lokacin da yake tsawa. Baffa ya tambaya ko yaren ya mutu. Na ce a'a, a 1982 suka fara buɗe makarantun renon yara inda tsofaffi ke yi wa jikoki Maori zalla, a 1987 gwamnati ta mai da shi harshen hukuma, a 2004 suka sami tashar talabijin tasu. Ya ce ashe tsofaffin matan ne suka yi aikin, kamar dai kakar yarinyar da ta ɓoye haƙorin har ranar da ya dace.

Gobe yara na so a sa Boy na Taika Waititi, na 2010, labarin yaron ƙauye a 1984 da ya haukace a kan Michael Jackson yana jiran uban da ya ɗauka jarumi ne. Akwai dariya sosai, amma akwai wiwi a ciki, sai na fara dubawa da safe in ga wuraren da zan tsallake. Kuma takardun jarrabawar 'yan aji biyu na nan a jaka ban taɓa ba.