Godiya bayan wasan Gizo da hankaki

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Alhamdu lillahi, balen yara, wato wasan rawa, na tatsuniyar Gizo da hankaki ya gudana lafiya ranar Asabar bayan la'asar, ba wanda ya biya ko dala a bakin ƙofa. Iyayen da suka ba mu aron ƴaƴansu sati shida, daga Birni, Zango da Garin Malam, Allah Ya saka da alheri, Ya raya mana su.

Godiya ta musamman ga telolinmu. Duk wasan a kan fukafukai ya rataya: hankaki su ara wa Gizo gashi ya tashi zuwa ɓauren tsakiyar kogi, ya yi musu rowa, kowa ya zare nasa. Saboda haka dole gashin ya zauna daram lokacin juyi, kuma ya fita da fizga ɗaya. Gam ba ya yi, gumi ke sake shi. Allura kuwa sai ta soki yaro. Dabarar telolin ita ce a yanka kwali tsawon taƙi, a lulluɓe da baƙin yadi, a ɗaura a damtse da zarge, a bar wutsiyar zaren waje. Farin ƙyalle a ƙirji, ga hankaka ya fito sak.

Makaɗan kalangu, sannunku da haƙuri. Ƙaramin yaro ba ya ƙirga taku, kunne yake kasawa, shi ya sa sauyin kiɗa ya zama alamar shiga da fita. Shuɗin yadi mita shida ya zama kogi, yara huɗu na kaɗa shi. In sun ɗaga ya wuce gwiwa, faɗuwar Gizo ba ta ganuwa daga baya.

Ƴan ga-ruwa ma sun yi mana kara, ga yadda ruwa ke wuya a garin nan. Jarka goma aka yayyafa wa filin awa ɗaya kafin a fara. In aka yi da wuri ƙura ta dawo, in aka makara taɓo ya kama ƙafa. Tabarma kan siminti kuwa santsi take, an janye ta.

Kakanni da suka tuna mana ba a tatsuniya da rana, a yi mana afuwa, magariba muke gudu. Akwai takalman yara ƙafa uku da aka manta, suna gidan mai unguwa.