Kwana Uku a Bakin Tekun Busua

Makon jiya na dawo daga Ghana, kuma har yanzu rugugin teku bai bar kunnena ba. Ziyarar kawuna da ke Zangon Takoradi ce ta kai ni, amma ɗansa, wanda ke shirya gajerun finafinai da kuɗin aljihunsa, ya matsa sai na raka shi Busua, wani ƙauyen masunta da ke yamma da garin. A Agona Nkwanta muka sauya mota, inda direban tasi ya ninka mana kuɗi don ya ga baƙo, sai da muka juya za mu tafi sannan ya sauko.

Na zaci Turawan da ke hayar allunan hawan igiyar ruwa ya zo ɗauka, sai na ga ya wuce su ya nufi wasu yara. Kowannensu na rungume da guntun katakon tsohon kwalekwale wanda bai wuce kamu biyu ba. Yaro zai jira igiya ta taso, ya kwanta rubda ciki a kan katakon, ta kwaso shi har bakin yashi. Wasu ko katakon ba su da shi, ƙirjinsu ne allon, hannu ɗaya a miƙe gaba. Nan take na tuna masuntan Argungu da ke kwanciya a kan gora, sai dai kogin Matan Fada ba ya tunkuɗa mutum haka.

Ɗan kawuna kuwa ya shiga ruwa har wuya da kyamara cikin akwatin roba, yana lasar gilashin lokaci-lokaci domin kada ɗigon ruwa ya maƙale ya ɓata hoto. Babu mai haske, babu mai ɗaukar sauti, aikin da a Kano sai an cika mota da ma'aikata. Da dare ya kawo zancen wani fim ɗin hawan igiyar ruwa na Ba'amurke Bruce Brown, da bakin tekun Labadi da ke Akra, ya ce mini, "Yaya, fim ɗin Bruce Brown na 1966 da aka ɗauki wani sashensa a Labadi ya nuna kamar baƙi ne suka kawo mana wasan nan, alhali a cikinsa ma ga yaranmu da katakansu." Wannan ne ke ci masa rai.

Hayar allon baƙi na awa ɗaya ta fi kuɗin abincina na yini, saboda haka katako na ara, na sha ruwan gishiri har yara suka yi ta dariya. Wata tsohuwa ta ba mu dokunu, wato tuwon ƙullun masara da ake dafawa a naɗe cikin ganye, da soyayyen kifi, ta ƙi karɓar ko sisi. Mun leƙa tsohon sansanin Turawa da ke Dixcove, wani gari kusa da Busua, a gurguje, washegari na kama hanyar Akra.