Riga-kafin gobara ma karatu ne, kuma ana cin abinci da shi

Sana'ata wayarin wuta ce. Shagona yana Tudun Wada, amma aiki yana kai ni ko'ina a Zariya, daga Samaru zuwa Sabon Gari har cikin ganuwa. Shi ya sa da ɗan yayata da ke Amurka ya gaya mini ya shiga makaranta yana karantar riga-kafin gobara, na buɗe kunne sosai. Mahaifiyarsa dai ranta bai so ba. A ganinta yaro ya ƙetare teku don ya zama ɗan kwana-kwana, alhali 'ya'yan ƙawayenta likitanci suke yi. Na ce mata, Yaya, ki ƙyale shi, abin da ya ɗauko mu nan mun fi kowa bukatarsa.

Makarantar irin wadda suke kira kwalejin al'umma ce. Shekara 2 ake yi, kuɗinta bai kai na jami'a ba, yawancin ɗalibanta 'yan yankin ne, kuma akwai darasin yamma don mai fita aiki da rana. Takardar da ake bayarwa ta yi kusa da diflomar politeknik a wajenmu, wanda ya so sai ya wuce jami'a ya ƙarasa digiri. Na tambaye shi me ake koyarwa har na shekara biyu, ba ruwa ne kawai da tiyo ba? Ya ce, "Kawu, ai namu karatun yawancinsa kafin wutar ta tashi ne."

Suna farawa da halin wutar kanta. Abu uku take bukata, zafi da makamashi da iska, in ka raba ta da ɗaya ta mutu. Daga nan ake gane dalilin da ya sa ba kowace wuta ce ake zuba wa ruwa ba. Wutar katako da tufafi da takarda ruwa na kashe ta. Wutar fetur kuwa, man yana tasowa saman ruwa ya bi shi yana ci. Man suya in ya kama a kasko aka watsa masa ruwa, sama yake tashi ya kama fuskar mai girki, maganinsa a kashe risho a rufe da murfi. Wutar lantarki kuma sai an yanke ta tukuna, in ba haka ba mai riƙe da bokitin ne zai fara faɗuwa. Suna koyon gini: wane bango ne zai riƙe wuta ya ba mutane lokacin fita, ta ina hayaƙi yake bi, ƙofa nawa ɗakin taro yake bukata. Ya jaddada mini cewa a gobarar gida hayaƙi ya fi harshen wuta kashe mutane, musamman masu barci.

Abin da ya fi burge ni shi ne famfon nan da ake jerawa a silin na manyan gine-gine. A bakin kowane ɗaya akwai ɗan gilashi mai ruwa a ciki, mai jan launi yana fashewa ne in zafi ya kai digiri 68. Da ya fashe sai ruwa ya feso, kuma wanda wuta ke ƙarƙashinsa ne kaɗai yake buɗewa. Ba ya jiran maigadi ya farka, ba ya jiran mota. Don a daidaita yadda ake haɗa irin wannan famfo aka kafa NFPA, ƙungiyar riga-kafin gobara ta Amurka, a 1896, kuma har yau ƙa'idojinta ɗalibai suke bita. Su ma ba a sama suka tsinci dokokin ba. A 1911 wata masana'antar ɗinki ta kama da wuta a birnin New York, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata ma'aikata, kuma ƙofar da za su bi a kulle take. Bayan wannan ne aka tsaurara dokar ƙofofin fita a wuraren aiki.

Yana wannan bayani ni kuma ina ganin gidajen da nake shiga. Kowace taga an gindaya mata ƙarfe saboda ɓarayi, ƙofa ɗaya ce tak, da dare a sa mata kwaɗo, makulli yana ƙarƙashin matashin maigida. Ban ga laifin mai tsoron ɓarawo ba, amma ko taga ɗaya a bar ƙarfenta mai buɗewa daga ciki, kuma kowa a gidan ya san inda makulli yake kwana.

Ta fannin aikina kuwa abin da idona ke gani ya isa. Siririyar waya mai milimita 1.5 ta ƙwan fitila ce, soket na son 2.5, amma sai ka iske an ɗora firiza da hita da dutsen guga a kan ta fitila don a rage kuɗi. Waya ta yi ta ɗumi a cikin silin, robarta ta bushe ta tsattsage. Fiyus ya tsinke, maimakon a tambayi dalili sai a ɗaure wurin da wayar tagulla mai kauri. Fiyus kuwa an yi shi ne don ya ƙone a madadin gidan. A rumfunan kasuwa, wannan ya jawo daga wancan, wancan daga na gaba, an naɗe mahaɗar da leda. A ɗauke wuta da yamma, mai shago ya kulle ya tafi bai kashe komai ba, a kawo ta tsakar dare babu kowa. Ga hunturu ya busar da komai, ga kaskon gawayi a ɗaki ana jin ɗumi, ga yaro na zuba wa janareta mai yana aiki. Gas ɗin girki ma ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, ashana ɗaya ta ishe shi.

Mun ga abin da ya faru a kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, da babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021. Kullum bayan an yi, zancen motar kashe gobara ake yi, ta makara ko ruwanta ya ƙare. Ina so a ƙara motoci. Sai dai duk wanda ya san lungunan cikin birni, daga Ƙofar Doka ka nutsa ciki, ya san akwai inda ko Keke Napep sai da dabara, balle mota mai tanki. A irin waɗannan unguwanni mutumin da zai zo ya duba waya da ƙofa da inda ake ajiye fetur tun lafiya lau, ya fi mota amfani.

Wannan mutumin shi ake horarwa a kwalejin da yaron yake. Wasu su zama masu duba gine-gine, su shiga makaranta ko otal ko asibiti su rubuta abin da za a gyara. Wasu su duba zanen gini tun kafin a sa bulo. Akwai masu binciken musabbabin gobara, waɗanda ke bin sawun ƙuna a bango har su gano inda ta faro, kamfanonin inshora ma na ɗaukarsu. Akwai masu haɗa famfon silin da ƙararrawar hayaƙi, aikin da ya yi kusa da nawa ƙwarai.

Nan gida ma hanya ba a rufe take ba. Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, wadda dokar 1963 ta kafa, tana da makarantar horarwa a Sheda kusa da Abuja, jihar Kaduna ma tana da tata hukumar. A Palladan nan Zariya, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana horar da masu kashe gobarar filin jirgi. Masana'antu da gidajen mai da manyan kamfanonin gini suna neman jami'in kiyaye haɗari. Abin da nake fata shi ne makarantun fasaha namu su buɗe gajeren kwas na yamma don masu wayarin da masu walda da masu sayar da gas da shugabannin kasuwa, a koyar da Hausa, a ba da takarda. Mu ne hannunmu ke kan abin kullum.

Na san za a ce gobara ƙaddara ce, kuma haka ne, in mun je jaje "Allah ya mayar da alheri" muke cewa da zuciya ɗaya. Amma ya zo a hadisi ingantacce cewa wani gida ya ƙone da dare a Madina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wannan wuta abokiyar gabarku ce, in za ku yi barci ku kashe ta. Umarnin riga-kafi ke nan tun kafin a san lantarki.

Yaran shagona yanzu ba na sallamar kowa sai ya iya karanta allurar jan tulun kashe gobara, ya san in ta bar kore tulun na bukatar a kai shi a duba. Sai ya iya zare fil, ya saita bakin a gindin wutar, ya kuma tsaya ƙofa na bayansa. Ɗan yayata ya yi alkawarin turo mini takardar da suke bi wajen duba shaguna, zan ba wani malami a Kongo nan Zariya ya mayar mana da ita Hausa, mu fara da layin da shagona yake.