Makirufo ɗaya a ɗakin shiri

Shekara tara muka yi ni da abokin aikina muna gabatar da shirin kiɗa na daren Asabar a wani gidan rediyo. Da aka yi masa canjin wurin aiki sai aka bar mini shirin. Ban ji ɗar ba, domin ni ne mai yawan magana, kuma sunana masu bugo waya suka fi kira.

Mako uku kacal na yi na san da sauran rina a kaba. Ina gama magana sai shiru ya biyo baya, babu mai karɓa.

A wannan halin ne na ɗauko faifan da Ronnie Dunn ya fitar a watan Yunin 2011, wanda ya sa wa sunansa. Mawaƙin kantiri ne, kiɗan karkarar Amurka. A 1990 Tim DuBois na kamfanin faifan waƙa na Arista a birnin Nashville ya haɗa shi da Kix Brooks, alhali kowannensu yana fafutukar kansa. Suka zama Brooks & Dunn, suka shekara ashirin tare, suka yi wasan bankwana a Nashville cikin Satumban 2010. Dunn ne ya rera yawancin waƙoƙinsu da suka yi fice. Brooks kuwa shi ke zagaye dandamali yana tayar da 'yan kallo.

Na saurari faifan daga farko har ƙarshe, na sake. Muryar tana nan yadda na san ta, mutum yana da shekara 58 amma ko gezau. Waƙar da ta tsaya mini a rai ita ce "Cost of Livin'", inda wani tsohon soja ke neman aiki yana lissafa abin da ya iya. Babu hayaniyar kiɗa a cikinta. A ganina Dunn bai nemi cike gurbin Brooks ba, ya bar wurin a buɗe, ya rera abin da ya dace da mutum guda. Ni kuwa makonni na yi ina ƙoƙarin zama mu biyu, ina jefa tambaya ina amsa wa kaina, ina ƙaƙalo barkwancin da ba halina ba.

Kuma tafiyar ba ta zo masa da sauƙi ba. A 2012 ya rabu da Arista, faifansa na gaba a ƙaramin kamfaninsa ya fito a 2014. A 2015 suka sake hawa dandamali da Brooks a Las Vegas, tare da mawaƙiya Reba McEntire.

Na rage surutu, na ƙara wa masu bugo waya lokaci. Sannan na kira abokina na ce, "Malam, wai me kake yi ne da ban taɓa lura ba?" Ya ce duk Asabar yakan riga ni zuwa da awa biyu ya jera waƙoƙi, kuma idan ya ga na fara gajiya sai ya jefo mini tambayar da ya san ina da amsarta. Tun daga ranar, ƙarfe shida nake isa ofis, shirin kuwa sai takwas.