Ƙannena, ku rabu da cacar wasannin share fage

Kuɗin ɗinkin Babbar Sallah ne, naira 30,000, waɗanda na tara da kwanan shago a kan keke. Ranar 12 ga Yuli, 2022 na zuba su duka a kan Liverpool za ta ci Manchester United a wasan sada zumunta da suka buga a Bangkok, babban birnin Tailan. A ganina babu abin tsoro, domin a kakar da ta gabata Liverpool ta ci su 5-0 a Old Trafford, ta sake ɗura musu 4-0 a Anfield.

Da rana aka buga wasan a agogonmu. Ina kan benci a gidan kallo, tikitin cacar na naɗe a tafin hannuna har gumi ya jiƙa shi. Da aka nuno 'yan wasan Liverpool sai na ga fuskokin yaran da ban taɓa ji ba, taurarinta Salah da Van Dijk kuwa suna zaune a gefe. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Sancho da Fred da Martial sun ci wa United uku. An tashi 4-0. Klopp, kocin Liverpool na lokacin, ya sa 'yan wasa 32 a wasa ɗaya, yana sauya su rukuni-rukuni.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, wasan watan Yuli atisaye ne da aka sayar wa tikitin shiga. Babu maki uku a cikinsa. Koci yana so ya ga wa ya dawo hutu da nauyin jiki, wane yaro ne ya isa a ɗauko, kuma babban tsoronsa kada tauraronsa ya ji rauni. Kulob kuma kasuwa ya je ci a Asiya ko Amurka. Kai da ka sa kuɗin guminka, ka fi masu buga wasan damuwa da sakamakonsa.

Kuskurena na biyu ya fi ciwo. Na ce to ai United ta gyaru a hannun sabon kocinta Ten Hag, bari in rama. Na ɗauki kuɗin da wata baiwar Allah ta ba ni in sayo mata shadda, na raba biyu, na zuba a kan United za ta ci wasanninta biyu na farkon kaka. Brighton ta ci United 2-1 ranar 7 ga Agusta, Brentford ta biyo da 4-0 ranar 13. Wato ko wanda ya yi nasara a share fage, nasarar ba ta gaya maka komai game da kaka.

Kada ku ɗauka ina cewa ku jira a fara gasa sannan ku buga. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya wuri ɗaya, na kuma san da haka tun ina allo. Na dai ware watan Yuli ne saboda a nan na ga yawancinmu ke faɗawa: babu gasa, ga zaman banza, ga ɗan kuɗi a aljihu. In ƙwallo kake so, ka biya kuɗin gidan kallo ka kalla, ka koma gida.

Da matar ta zo karɓar ɗinkinta, maigidana na tsaye na faɗi gaskiya. Shi ya biya ta, ya riƙa cirewa daga ladana har wata huɗu. Har yau in za a aiki wani kasuwar Kwari da kuɗin mutane, ƙaramin yaron shagonmu ake ba.